Kujera Mai Hawa Bene Da Matakalan Da Ke Tsare Tsofaffinmu A Ɗaka

 Yau za mu tattauna ne a kan wani abu wanda kowace mace take tsallakawa sau da yawa a yini ba ta ko lura da shi, watau matakala. Muddin ƙafa tana da ƙarfi, matakala ba kome ba ce. Amma ran da tsufa ya zo, ko ciwon gwiwa, ko shanyewar ɓarin jiki, to, sai ki ga 'yar matakalar nan da ba ta wuce taƙi ɗaya ba ta zama katanga. Ita ce za ta hana tsohuwa fitowa ta sha hantsi, ta hana ta zuwa barka da gaisuwar mutuwa, har ma ta hana ta zagawa bayan gida sai an ɗauke ta.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, domin jinya a gidajenmu a wuyan mace take. In uwar miji ta kwanta, uwargida ce da 'ya'yanta mata za su ɗaga ta, su kwantar, su yi mata wanka. In kuma ta faɗi, su ne na farko da za a tambaya ina suke. Saboda haka ya kamata mu san dabarar da mutanen wasu ƙasashe suka yi wa wannan matsala, sa'an nan mu duba wadda ta dace da gidajenmu na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura.

Kujerar da asalinta

A ƙasashen Turai da Amurka gidaje da yawa benaye ne, ɗakunan kwana da gidan wanka suna sama, falo da madafa suna ƙasa. In mutum ya tsufa ya kasa hawa, sai rabin gidansa ya gagare shi. Wannan ya sa suka ƙera wata kujera wadda take ɗaukar mutum yana zaune, ta bi gefen matakala da shi har sama, ta kuma sauko da shi in ya so.

Dabarar ta daɗe. A shekarar 2009 wani masanin tarihi na Ingila mai suna David Starkey ya gano, a cikin lissafin kayan da Sarki Henri na 8 ya bari, cewa sarkin yana da wata kujera da ake hawar da shi bene da ita a fadarsa ta Whitehall a birnin Landan. Sarkin nan ya yi ƙiba ƙwarai, ga kuma ciwon ƙafa, don haka barorinsa ne suke jan kujerar da igiya. Ya mutu a 1547. Ita kuwa kujera irin ta zamani, wani Ba'amurke ne mai suna C. C. Crispen ya fara haɗa ta a 1923 a jihar Fensilbeniya, bayan ya ga wani abokinsa marar lafiya ya kasa saukowa daga bene. Daga baya ya kafa kamfani yana sayar da ita da sunan Inclinator. A Ingila kamfanin Stannah ya fara ƙera tasa a 1975, kuma yana cikin waɗanda suka fi suna a wannan sana'a.

Ga yadda take aiki. Akan shimfiɗa wani dogon ƙarfe tun daga ƙasan matakala har samanta, kamar dai layin dogo na jirgin ƙasa. A jikin ƙarfen akwai haƙora a jere. A ƙarƙashin kujerar kuma akwai ɗan inji mai juya wata 'yar ƙafa mai haƙora, wadda take cizon haƙoran ƙarfen tana tafiya da kujerar sannu a hankali. Gudunta ba ya wuce inci shida a daƙiƙa ɗaya, watau hawa bene ɗaya yakan ɗauki rabin minti zuwa minti guda. Mai hawa za ta zauna, ta ɗaura ɗamara irin ta mota, ta ɗora ƙafafunta a kan matashi, sa'an nan ta danna wani maɓalli da ke hannun kujerar. Da ta saki maɓallin sai kujera ta tsaya. In ta isa sama, kujerar takan juya ta fuskanci daɓe, don kada mutum ya miƙe yana fuskantar rami. In kuma ta ci karo da wani abu a hanya, ko takalmi ko ƙafar yaro, da kanta take tsayawa. In an gama sai a naɗe ta a jikin bango, sauran mutanen gida su sami hanyar wucewa.

Abin da ake dubawa kafin a kafa ta

Wadda mijinta ko ɗanta yake da gidan bene kuma yake tunanin sayo wannan kujera, ga abubuwan da ya kamata ta tuna masa tun kuɗi bai fita ba.

Da farko a duba siffar matakalar. In miƙaƙƙiya ce, aikin ba wuya, ma'aikata sukan gama shi cikin 'yan sa'o'i. In kuwa tana da kwana, ko tana da wurin hutawa a tsakiya kamar yadda akasarin benayenmu suke, to sai an auna an ƙero mata ƙarfenta na musamman, kuɗin kuma yakan ninka. A Ingila miƙaƙƙiyar takan kai fam 2,000 ko fiye, watau miliyoyin Naira ke nan tun ba a sa kuɗin jirgi da na kwastan ba. Su can ƙaramar hukuma takan taimaka wa marasa ƙarfi da kuɗin gyaran gida irin wannan, har zuwa fam 30,000. Mu nan daga aljihun maigida kome zai fito.

Na biyu faɗin matakalar. Ana bukatar ta kai kamar inci 30, don kada gwiwar mai hawa ta riƙa gugar bango. Kuma a sani a kan matakalar ake ɗaure ƙarfen da kusoshi, ba a jikin bango ba. In simintin ya yi rauni, ko tayil ɗin da aka shimfiɗa yana motsi, sai an gyara tukuna.

Na uku nauyin mai hawa. Yawancin kujerun suna ɗaukar kilo 120 zuwa sama kaɗan, akwai kuma na musamman don masu jiki.

Na huɗu wuta. Kujerun yanzu da batir suke aiki, guda biyu, waɗanda suke cika in an ajiye kujerar a ƙarshen ƙarfe. Don haka ko an ɗauke wuta za ta yi 'yan sawu kafin ta tsaya. Amma batir da yake kwana biyu ko uku bai sami caji ba, ba ya daɗewa yake mutuwa. Kamfanin KEDCO ne yake raba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, kowa kuma ya san yadda wutar unguwarsu take. In ba a da sola ko wata hanya tabbatacciya, kada a fara.

Na biyar, wanda ya fi duka, shi ne mai gyara. Kujerar tana son a duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara, a share haƙoran, a sa mai, a gwada birki. Ƙurar hunturu irin tamu kuwa ba ta barin inji ya huta. Kafin a biya, a tambayi mai sayarwa: in ta lalace wa zai zo Kazaure ya gyara, cikin kwana nawa, kuma ina za a sami kayan gyara? In ya fara kame-kame, to a riƙe kuɗi. Kujerar da ta mutu ta bar tsohuwa a sama ta fi rashinta muni, domin da ma saboda ita aka bar tsohuwar a can.

Har ila yau ba kowane majinyaci ne kujerar ta dace da shi ba. Wadda ba ta iya zama da kanta, ko gwiwarta ba ta lanƙwasuwa, ko wadda rikicin tsufa ya kama har takan miƙe ba zato, hawa wannan kujera haɗari ne gare ta. A nemi shawarar likita ko ma'aikacin gashin ƙashi tukuna.

Dabarar da kakanninmu suka riga mu

In mun duba ginin gargajiya na ƙasar Hausa, za mu ga magabata sun warware rabin matsalar tun tuni. A da, sai gidan sarauta ko na babban attajiri ake ganin bene, shi ma galibi maigida ne yake hawa. Ɗakunan mata da na tsofaffi a ƙasa suke, suna kallon tsakar gida. Yanzu da ginin bulo da siminti ya yawaita, 'ya'yanmu da suka sami hali suna ta da benaye, wani ma don ya kyautata wa mahaifiyarsa sai ya zaɓa mata ɗaki mafi kyau a sama, mai iska da labule. Niyyar tana da kyau, amma bayan 'yan shekaru sai ɗakin ya koma mata kurkuku.

Saboda haka shawarar farko ga mai bene ita ce a sauko da tsohuwa ƙasa. A ware mata ɗaki kusa da inda ake hada-hadar gida, a yi mata bayan gida a jikinsa. Kuɗin wannan bai kai na kujera ba, ba ya bukatar batir, kuma tsohuwa za ta riƙa jin motsin jikokinta, masu zuwa gaishe ta su same ta ba wahala. Kujerar inji sai in babu wata hanya, kamar a ce ƙasan benen shaguna ne.

Amma fa mafi yawanmu ba a bene muke ba, kuma duk da haka muna da matakalai. A wuraren da ke da duwatsu da tudu, kamar sassan Roni da Kazaure, akan sami gida ɗaya wani sashe ya fi wani tudu, sai an taka dutse ko an hau dakali kafin a shiga. A wuraren rairayi kamar Babura, ƙafar keken majinyaci nutsewa take yi a tsakar gida. Ga kuma tsoron ruwa. Wanda ya ga irin ɓarnar da ambaliyar 2022 ta yi a Jihar Jigawa ba za a ga laifinsa ba in ya ɗaga harsashin gidansa, ya yi wa ƙofar ɗaki doki mai tsawo. To amma abin da ya tare ruwan Agusta shi ne yake tare tsohuwa wata goma sha biyu.

Don me faɗuwar tsoho take da haɗari?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa kimanin mutum 684,000 ne suke mutuwa kowace shekara a sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu tasowa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. In aka cire haɗarin mota, babu wani tsautsayi da yake kashe mutane kamar faɗuwa. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa cikin mutanen da suka kai shekara 65, kimanin ɗaya cikin uku yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara.

Mu mata abin ya fi shafa. Bayan mace ta daina al'ada, ƙashinta yakan fara zaizayewa ta ciki, ya zama kamar itacen da gara ta ci, a waje lafiya lau, a ciki fanko. Masana sun ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku da suka wuce shekara 50 za ta sami karaya saboda wannan rauni na ƙashi. Faɗuwar da yarinya za ta yi ta tashi ta kaɗe zane, ita ce za ta karya wa kakarta ƙashin ƙugu. Karayar ƙugu kuwa ita ke kawo doguwar kwanciya, kwanciya ta kawo gyambon baya da ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Sau da yawa waɗannan ne suke tafiya da tsoho.

Akwai kuma wata illa da ba a cika lura da ita ba, watau tsoro. Tsohuwar da ta taɓa faɗuwa sai ta daina fita. In ta daina tafiya ƙafa ta ƙara rauni, in ƙafa ta yi rauni faɗuwa ta biyu ta fi sauƙi. Wata ma har rage shan ruwa take yi don kada fitsari ya tashe ta ta dami mutane da dare. In kika ga uwar mijinki ta fara ƙin ruwa da kunu da yamma, to ki duba hanyar bayan gida, wataƙila a can matsalar take.

Wurare huɗu da za a gyara

Wuri na farko shi ne ƙofar gida da dakali. In akwai mai amfani da keke, a yi gangara maimakon matakala. Ƙa'idar da magina suke bi ita ce, kowane inci ɗaya na tudu a ba shi ƙafa ɗaya ta tsawo. Watau dakali mai inci 6 yana son gangara mai ƙafa 6, mai inci 18 kuma ƙafa 18. In wuri bai isa ba, a kwantar da gangarar ta bi jikin bango. Gangara mai tsini ta fi matakala haɗari, domin keke yakan ƙwace wa mai turawa. A ce wa birkila kada ya goge simintin ya yi sulɓi, ya ja tsintsiya a kansa tun yana ɗanye don ya yi kaushi. In akwai kwata a ƙofar gida, a rufe ta da faffaɗan murfin siminti, a daina ɗora katako guda.

In matakala za a bari, to a daidaita ta. Tsawon kowane taki kada ya wuce inci 6 zuwa 7, faɗinsa kuma ya kai inci 11 ko 12 yadda tafin ƙafa zai zauna duka. Abin da ya fi ka da mutane shi ne a sami taki ɗaya ya fi 'yan'uwansa tsawo, domin ƙafa ta riga ta saba da na farko. A sa mai walda ya kafa bututun ƙarfe na dafawa, tsawonsa kamar ƙafa uku daga ƙasa, kaurinsa daidai yadda hannu zai kewaye shi. In da hali a sa a gefe biyu, domin wadda hannunta ɗaya ya shanye tana bukatar na dama in za ta hau, na hagu in za ta sauko. A shafa farin fenti a bakin kowane taki saboda masu yanar ido.

Wuri na biyu shi ne ƙofar ɗaki. Keken majinyaci yakan kai faɗin inci 25 zuwa 27, don haka ƙofa tana son inci 32 zuwa 36. Keken guragu mai ƙafa uku irin wanda ake ƙerawa a Kano ma ya fi haka cin wuri, sai a auna shi kafin a sa ƙyaure. Dokin ƙofa kuwa in ba za a iya fasa shi ba saboda ruwa, a yi masa 'yar gangara ciki da waje. A cikin ɗakin a ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe, da ledar da ta yage, da wayar caji da ke kwance a hanya. Gado ya zama daidai gwiwa, yadda in ta zauna ƙafarta za ta taɓa ƙasa. Katifa a ƙasa tana da daɗin kwanciya, amma tashi daga kanta aiki ne ga mai ciwon gwiwa.

Wuri na uku shi ne tsakar gida. A yi siririyar hanya ta siminti mai kaushi ko daɓe mai kyau daga ɗakin tsohuwa zuwa bayan gida da inuwar da take zama. A kau da turmi da taɓarya da turken akuya daga wannan hanya, a ɗaga igiyar shanya. Bakin rariya da wurin wanke-wanke da wurin alwala su ne matattarar gansakuka, musamman da damina, sai a riƙa kankare su ana zuba toka ko yashi. Tayil mai sheƙi yana da kyan gani, amma in ya jiƙe ba shi da maraba da sabulu. Kuma a sa fitila. Tsofaffi da yawa da dare ko da asuba suke faɗuwa, sa'ad da ido bai washe ba. 'Yar fitilar sola guda a ƙofar ɗaki, guda a ƙofar bayan gida, ta isa.

Wuri na huɗu shi ne bayan gida, kuma nan ne mutuncin tsohuwa yake. Babu abin da yake karya zuciyar babba kamar a ce sai surukarta ta riƙe ta a masai. Tsuguno yana gagarar mai ciwon gwiwa. Kafinta zai iya yin kujera mai ƙarfi ta katako, ko mai walda ya yi ta ƙarfe, mai rami a tsakiya da hannuwa biyu, tsawonta kamar inci 18, a ɗora ta a kan bakin masai. Da dare a shigar da ita ɗaki a sa bokiti mai murfi a ƙarƙashi. A kafa ƙarfen dafawa a bango, a tabbata ya kama sosai, kada a dogara da ƙusa a jikin ginin ƙasa. A ajiye kujerar wanka mai tsawo. Ƙyauren kuma ya riƙa buɗewa ta waje, domin in mutum ya faɗi a ciki jikinsa yakan tokare ƙofa. A duba murfin masai kowace damina, kada a bari sai ya rufta.

Yadda za ki taimaka ba ki ji ciwo ba

Uwargida, bayanki ma abin tattali ne. Mata da yawa sun gamu da ciwon baya na har abada wajen ɗaga majinyaci, mai ciki kuwa bai kamata ta ɗaga babba ba sam. In za ki tashe ta, ki matso kusa, ki lanƙwasa gwiwarki, bayanki a miƙe, ki bar ta ta yi iyakar abin da za ta iya da kanta. Ki ɗaura mata gyale mai ƙarfi a ƙugu ki riƙe nan. Kada ki ja ta da hannun da ya shanye, domin kafaɗar tana iya gocewa.

A matakala, in za a hau ki tsaya a bayanta, in za a sauko ki tsaya a gabanta, watau kullum ke ce a ƙasa. Ƙafa mai lafiya ita ke fara hawa, marar lafiya ita ke fara sauka. Sanda a hannun da ke gefen lafiya ake riƙe ta, tsawonta ya tsaya daidai wuyan hannu in mutum yana tsaye, a kuma sa mata roba a gindi. Silifas da ya suɗe a jefar da shi, zane kuma a ɗaura shi sama da idon sawu.

In tsautsayi ya faru ta faɗi, kada a yi rububin ɗaga ta. A tambaye ta inda yake ciwo. In ta kasa taka ƙafa, ko kika ga ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, to alamar karayar ƙugu ce. A kwantar da ita a kan katako ko ƙyaure, a kai ta babban asibiti mafi kusa, kamar na Kazaure ko na Babura, a ɗauki hoton ƙashi. Karayar ƙugu a ciki take, ba irin wadda ake ɗaure wa kara ba ce, yawanci sai an yi aiki, kuma jinkiri yana ƙara haɗari. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe tun 1959, don irin wannan aka kafa shi. In kuma jiri ne yake ka da ita, a auna jininta, a duba idonta, a nuna wa likita duk magungunan da take sha.

Ku kuma 'yan makaranta

Ga aikin da za ku yi ranar Asabar. Ki ɗauki rula da littafi, ki bi hanyar da Kaka take bi daga gadonta zuwa bayan gida, sa'an nan zuwa zaure. Ki ƙirga matakalai, ki auna tsawon kowace, ki auna faɗin ƙofofi, ki rubuta inda santsi yake da inda babu haske. Ki lissafa tsawon gangarar da kowane dakali yake bukata, ki kai wa Baba takardar. Lissafin da ake koya muku a aji ga amfaninsa nan. In Kaka ta ce, “Ke tafi can, ni da ƙafata,” ki ce, “Haka ne Kaka, so muke ƙafar ta daɗe.” Waɗanda kuma suke tunanin abin da za su karanta nan gaba, su sani ana bukatar mata a fannin gashin ƙashi da zanen gine-gine, domin tsohuwa ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta mace, mace kuma ta fi sanin inda ruwa yake kwanciya a tsakar gida.

Hukuma da maigida

Gwamnati ta taɓa wannan fanni. A 2007 gwamnatin Alhaji Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu a Jihar Jigawa Naira 7,000 kowane wata. A watan Janairu na 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Don haka in kin kai tsohuwa asibiti ko banki ko ofis kin tarar babu gangara, kina da bakin tambaya. Sai dai babu ma'aikacin da zai shigo cikin gidanki ya auna dokin ƙofa, wannan ya rage gare mu.

Gini dai a hannun maza yake, amma mu muke yini a cikinsa. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. In kin ga an fara sauke bulo da yashi, lokacin magana ke nan, kafin siminti ya bushe. Ki sami maigida sa'ad da ya huta, ki ce, “Malam, tun da za a taɓa ginin nan, da an rage tudun ƙofar Inna, an sa mata ƙarfen dafawa a bayan gida. Na ga tana shan wuya, kunya ce ta hana ta faɗa.” Da wuya ɗa ya ji wannan ya ƙi. In kuɗi bai isa a yi duka ba, a fara da bayan gida da fitila, sauran a bi su a hankali. 'Yan'uwan maigida ma a sa su a ciki, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ita ma tsohuwar a yi shawara da ita, a tambaye ta inda take so a kafa ƙarfen, domin ita ta san inda hannunta yake nema.

Gangarar da aka yi wa Inna, mai ciki za ta bi ta, mai jego za ta bi ta, yaro mai koyon tafiya zai bi ta, mai ɗauke da tulu ma za ta gode. In kuma rai ya yi tsawo, ke da kika sa aka yi ta za ki zo ki same ta tana jiranki. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri.